Kwanon Ƙasa Daga Kowane Gida

Gidanmu ne na ƙarshe a layinmu, a gefen Sabon Gari, daidai inda kwari ya yi kwana kafin ya nufi gonakin rake. Gidan ƙasa ne mai ɗaki uku, an shafe shi da siminti ta waje. Babana ya rasu ina sakandare, ya bar mu a ciki, ni da Mama da kekenta na ɗinki. Da rani kwarin ba abin kallo ba ne, yashi ne da ledoji da awaki. Da damina kuwa duk ruwan da ya zuba a unguwannin sama ta nan yake gangarowa. Yakan shigo tsakar gidanmu har idon sawu, wani lokaci har ƙwauri, mu ɗora buhun masara a kan tebur, mu jira ya janye, mu share laka. Wahala ce, amma mun san iyakarta. Ruwan yakan zo a hankali ya tafi a hankali, bango bai taɓa ko tsagewa ba.

Shekarar da nake ajin ƙarshe a jami'a a Samaru, ina karatun injiniya, masu gidajen layinmu da na layukan sama suka yanke shawarar tare ruwan. Akwai inda kwarin ya tsuke, sama da gidanmu kaɗan. Suka ce a nan za a tara ƙasa a yi dam, a sa bututun kwalbati a gindinsa, ruwa ya taru a baya ya riƙa fita kaɗan-kaɗan. Tunanin ba shi da laifi. Kuma a daidai wannan zango abin da ake koya mana ke nan: irin ƙasar da ake gina madatsar ruwa da ita, da irin ƙasar da ake ɗora ta a kai.

An taɓa tara kuɗi a unguwar don gyaran lambatu, aka ƙare da gaba tsakanin gidaje, saboda haka aka ce wannan karon ba za a karɓi kuɗin kowa ba. Kowane gida zai kawo ƙasa daga cikin harabarsa. Haka aka cike daɓen cocinmu lokacin da aka faɗaɗa shi, haka aka cike farfajiyar masallacin layin sama, Kirista da Musulmi kowa da kwanon sarki a ka. Wanda ƙasarsa ta shiga aiki, ɗan unguwa ne. Tun ina ƙarama na san wannan, kuma ina son sa.

Na ari ƙarfen huda ƙasa daga ɗakin gwajinmu, irin wanda ake murzawa da hannu yana nutsewa, na naɗe shi a buhu na hau bas daga Samaru, kwandasta yana tambayata ko rijiya zan haƙa wa mijina. Ranar Asabar da safe na je matsatsin kwarin na huda wurare da dama. A sama baƙar laka ce mai danƙo, kaurinta bai wuce kamu ɗaya ba. A ƙarƙashinta yashi ne zalla, jiƙaƙƙe duk da rani ne, sai da ƙarfen ya kusa nutsewa duka kafin na taɓo yumɓu mai tauri. Tsohuwar hanyar rafi ce laka ta rufe. Duk abin da aka ɗora a kan wuri irin wannan, ruwa ba sai ya haura shi ba. Ta ƙasa zai bi, yana jan yashin kaɗan-kaɗan, har ya bar kogo. Na mayar da laka cikin ramukan na danne da dunduniya, na dawo gida.

A lokacin mutane sun fara tara kasonsu a ƙofar gida. Na bi na ɗebi cikin hannu daga kowane tsibi, na zuba a kwalabe da ruwa, na girgiza, na jera a tagar Mama. Ta gidan mai katako, rabinta garin katako ne, ya taso ya yi iyo. Ta gidan da ake sabon gini, yashi ne da ɓaraguzan bulo. Ta Iya mai ƙosai, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, toka ce da shara. Gidaje ƙalilan ne suka fitar da jar ƙasa mai danƙo, wadda in ka jiƙa ka murza a tafin hannu takan yi siririyar igiya ba ta karye ba.

Mama ta ɗago kai daga ɗinki ta ce, "Kwalaben zoɓona ne fa waɗannan."

Na ce, "Mama, in aka gina shi haka, fashewa zai yi. In ya fashe kuma ba a hankali ruwan zai zo ba, gaba ɗaya zai zo. Bangonmu ne a kan kwana."

Ta tsayar da keke. Ta kalli kwalaben ta ce, "Ki faɗa wa kawunki."

A taron masu gidaje, gidan da babu namiji ɗan'uwa ne yake yi masa magana. Namu Kawu ne, wan Mama, tsohon hedimasta da ke zaune a Palladan. Na je na same shi yana ɓare gyaɗa a baranda. Na yi masa bayani dalla-dalla. A kankare ciyawa da ƙasar sama tukuna. A haƙa dogon rami a tsakiya, daga wannan gefe zuwa wancan, har a wuce yashin a taɓo yumɓu, a cike shi da ƙasa mai danƙo. Jikin dam ɗin ma da ita za a yi, hawa-hawa, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. A kuma bar wa rarar ruwa hanya a gefe.

Ya hure ɓawon gyaɗa daga tafinsa ya ce, "Na hanyar ruwan zan faɗa. Na haƙa rami, bar shi. Na zaɓen ƙasa kuwa, ko a mafarki kada ki ambata."

An yi taron ran Lahadi bayan la'asar, lokacin da 'yan coci sun ci abinci, Musulmi sun fito daga salla. A gindin mangwaron ƙofar gidan Ciyaman ake yi, maza a kan benci, mata a baya a kan tabarma. Ciyaman, shugaban masu gidajen unguwar, mai sayar da kayan babur ne, mutum mai fara'a, shi ya yi ta zirga-zirga lokacin jana'izar babana. Kawu ya tashi ya yi doguwar gaisuwa, ya yaba wa dattawa, ya ce 'yarsu mai karatu ta ba da shawara a bar wa ruwa hanya a gefe. Kowa ya gyaɗa kai. Ya zauna.

Ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma na ga an kusa shafa addu'a, sai na tsinci kaina a tsaye.

"Baba Ciyaman, ku gafarce ni."

"A'a, Injiniya ce! Ku ba ta wuri, jama'a."

Na faɗi maganar yashin da ke ƙasa, da ramin da ya kamata a haƙa. Muryata ba ta fita sosai, wani daga baya yana cewa a ƙara murya.

Ciyaman ya ce, "'Yata, tsaya in fahimta. Mu mun taru mu tara ƙasa sama, ke kin ce mu haƙa ƙasa. Damina kuma ga ta a bakin ƙofa. In mun gama haƙa ramin naki, kifi za mu zuba a ciki?"

Aka yi dariya. Mai katako ya ce, "Oga Ciyaman, bari ta gama mana, mu ma mu samu digiri kyauta."

Na ci gaba, na ce kuma ba kowace ƙasa ce za ta iya shiga ba. Nan dariyar ta tsaya. Na ga Kawu ya sunkuyar da kai.

Iya mai ƙosai ce ta yi magana daga kan tabarma. "Ta wa ce ba za ta shiga ba?"

Ta nuna ni da yatsa ta ci gaba.

"Na gan ki kin ɗebi tawa a leda. Faɗa mini, yarinyata. Ni da na goya ki uwarki tana kasuwa, ƙasar gidana ce ba ta da kyau?"

"Iya, toka ce ta yi yawa a ciki. Ruwa zai ratsa ta."

"Toka. Tokar ƙosan da kika ci kika yi wannan tsawon."

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Na ce ba sai an mayar da ta kowa ba, a sa mai danƙo a tsakiya, sauran a zuba a bayan dam ɗin don nauyi, haka ma ake yi a manyan ayyuka. Ciyaman ya daina murmushi.

"Wato ta masu daraja a tsakiya, ta talakawa a baya." Ya juya ga mutane. "A unguwar nan ba a taɓa mayar wa mutum da kwanonsa ba, ba a kuma taɓa nuna masa inda zai juye ba. Ba a kaina za a fara ba. Malam, yi mana addu'a."

Mama ba ta yi mini faɗa ba. Da yamma ta zuba tuwo da miyar kuɓewa a kwano mai murfi ta kai wa Iya, ta daɗe a can. Da ta dawo ta wanke kwalabenta ɗaya bayan ɗaya. Ranar aiki ta kankaro ƙasa daga bayan banɗaki ta cika kwano biyu, ta miƙo mini gammo. Na ce ba zan ɗauka ba. Ta ce, "Ke Litinin kina Samaru. Ni ce zan zauna da su a benci ɗaya ran Lahadi." Na ɗauka.

Aikin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Matan zumuntar cocinmu suna waƙa, matan layin sama sun kawo kunun zaƙi a bokitai, samari suna tsere da baro. Aka riƙa juye ƙasar a kan ciyawa yadda ta zo, busasshiya, toka a kan yashi, yashi a kan garin katako. Na matsa kusa da wani dattijo na ce ko za a yayyafa ruwa a daɓe kafin a ƙara. Ya ce, "Ruwan da muke saye a jarka? Ke za ki kawo?" Da tsibin ya kai tsayin mutum da rabi, mai katako ya hau da a-kori-kurarsa ya bi ta kai ya dawo, aka yi tafi, aka ce ya danne. Aka yanka 'yar hanya a gefe, faɗinta bai fi na tabarma ba, aka ce ga shawarar Injiniya an bi. Aka dasa ciyawa a jiki.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya sauka, tsakar gidanmu a bushe. Tunda nake ban taɓa ganin haka ba. Mama ta fita gaban coci ta yi godiya. Duk ƙarshen makon da na dawo, tun daga bakin layi ake tare ni.

"Injiniya, sannu da zuwa. Dam ɗinmu dai yana gaishe ki."

"Bai fashe ba tukuna? Ko sai kin gama jarrabawa?"

Nakan yi murmushi in wuce. Na yi addu'a da gaske Allah ya sa ni ce ban iya ba. Na koma littattafaina ina neman inda aka ce dam irin wannan ya tsaya, na kuwa samu, wasu sukan yi shekaru. Na riƙe wannan.

Cikin watan Agusta, bayan an kwana biyu ana ruwa, na zagaya ta bayan dam ɗin da safe. Jikinsa lafiya lau, ciyawa ta yi kore. Amma gaba da gindinsa kaɗan, a fili, ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa kamar tukunya ta fara tafasa, yashi ya taru ya kewaye bakin wurin. Na tara kwalba. An koya mana cewa in ruwan da ke tsattsafowa garau yake, da sauran lokaci. In ya fito da ƙasa a cikinsa, to yana cin gindin ne. Na ɗaga kwalbar a rana, ban ga yatsuna ta ɗaya gefen ba.

Na kai wa Ciyaman a shagonsa, na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa. Na ce a faɗaɗa hanyar gefen yau-yau ruwan baya ya ragu, a kewaye wurin da buhunan yashi.

Ya karɓi kwalbar ya juya ta ya ajiye kusa da tayoyi. "'Yata, ko randa ma tana gumi. Ran Lahadi akwai taro, kawunki ya kawo maganar." Na tashi zan tafi ya ƙara da cewa, "Kuma ki rage yawo da kwalabe. Mutane sun fara magana."

Na dawo na ce wa Mama mu kwashe kaya zuwa gidan Kawu, ko na mako biyu ne.

Ta ce, "Saboda wa aka yi dam ɗin nan? Gidan wa ruwa ya fi shiga? Mutane sun ɗauki ƙasa a ka cikin rana saboda ni, sai su wayi gari su ga ina loda katifa a mota?"

"Mama, gidan zai tafi."

"In na fitar da kaya na zage su. In na zage su, ko gidan ya tsaya ina zan zauna?"

Na yi kuka a gabanta, abin da ban saba ba. Iyakar abin da ta yarda da shi, ta kwance kan kekenta na ɗinki ta naɗe a zani, ta ɗora a ka ta bi ta layi tana gaya wa duk wanda ta gamu da shi cewa wurin mai gyara za ta kai. Ta kai shi Palladan ta dawo.

Ba a kai Lahadin ba. Ran Alhamis ruwa ya kama tun safe bai tsaya ba. Da rana matan zumunta suna da koyon waƙa, Mama ta ce ba za ta je cikin ruwan nan ba, na ɗauko lema na tsaya a bakin ƙofa har ta gaji ta ɗaura ɗankwali. Muna cikin coci muka ji wata ƙara mai nauyi, ba irin ta tsawa ba, sai ihu daga ƙasan layi. Muka fito da gudu muka tsaya a kan tudun bayan coci, inda ake hango kwarin.

Ruwan bai haura dam ɗin ba. Tsakiyarsa ce ta zauna, kamar an janye mata kujera, ruwan da ya taru ya fito ta wurin gaba ɗaya, ja wur, da bututun kwalbatin yana birgima a gaba. Ya bugi kwana. Bangon bayanmu ya ɗan tsaya, har na fara ce wa raina zai jure, sai na ga shafen simintin ya ɓalle ya faɗi kamar faranti. Bangon ya bi shi. Rufin ya sunkuya ta wannan gefe, sannan ɗakin Mama ya tafi, sannan nawa. Na ga akwatin littattafan babana ya fito ta inda taga take, ya juya, ya nutse. Mama ba ta yi ihu ba. Ta riƙe hannuna da ƙarfi, har washegari shatin farcenta yana nan.

Ba wanda ya mutu. Gidajen da ke kusa da mu na bulo ne, ruwa ya kai musu taga, ya lalata kaya, amma suna tsaye. Namu kaɗai ya kwanta.

Muka koma gidan Kawu, aka share mana ɗakin ajiya. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa jaje, da zannuwa da tukwane da kwanon shinkafa, kowa yana cewa ikon Allah ne. Na gode musu, kuma har yau ina gode musu. Amma ba a yi mako biyu ba wata magana ta iso mu ta bakin matar Kawu. Wai yarinyar nan tun farko ta yi wa aikin mugun baki. Wasu kuma suka ce ba baki ba ne, an gan ta da ƙarfe tana huda wurin kafin a fara, ta ramukanta ruwan ya bi. Na haɗu da Iya a bakin kasuwa na durƙusa, ta amsa gaisuwar tana kallon wani wuri. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni me ya faru a ƙarƙashin dam ɗin. Na koma Samaru na rubuta jarrabawar darasin ƙasa da harsashi, na ci da maki mai kyau, ban gaya wa kowa a gida ba.

Bayan damina Ciyaman ya zo Palladan. Aka shimfiɗa masa tabarma a baranda, Kawu a gefensa, ni da Mama a bakin ƙofar ɗaki. Ya yi jaje ya sake yi. Sannan ya ce unguwa ta zauna, za a sake gina dam ɗin, wannan karon ya fi na da tsayi. Kowane gida zai kawo kasonsa. Sun san halin da muke ciki, ba sa so a ce an yi aiki babu gidan marigayi a ciki. Ga bangayen nan da suka zube suna kwance a fili, ko Mama za ta yarda a kwashe a matsayin namu.

Mama ta dube ni. Na ce, "Baba Ciyaman, za a haƙa ramin?"

Bai dube ni ba. Wurin Kawu ya juya ya ce, "Za a duba duk shawarwari."

Mama ta ce, "Ku ɗiba."

Bayan sun fita na tambaye ta don me. Ta ce, "Filin yana nan. Ranar da zan koma, su ne za su ɗaga mini tubali. Ko ke za ki ɗaga?"

Na je na gani bayan an gama. Sun kwashe bangayen tas, sai duwatsun harsashi da daɓen banɗaki suka rage. Na hau kan sabon dam ɗin na ɗebi ƙasa daga inda na ga ja, na tofa yawu na murza a tafin hannu. Ta yi igiya siririya ba ta karye ba. An juye ta ne a kan ciyawa, haɗe da toka da garin katako, a kan yashin nan dai na da.

Mama tana Palladan har yanzu, tana ɗinki a barandar Kawu, a kan teburin aro. Filin yana nan a ƙarƙashin dam ɗin, a kan kwana. Ita ba ta yarda a sayar ba, ni kuma ban yarda a ɗora ko tubali ɗaya a kai ba. Duk rani takan tayar da maganar, in ba ta amsar da na ba ta bara, ta juya ta ci gaba da taka kekenta.